Idon dattijo da ƙafarsa: yadda ake gane haɗarin faɗuwa da yadda ake rage shi

In tsoho ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa yana hanyar masallaci da asuba, abin da mutanen gida kan fara cewa shi ne ƙafa ta gaji. Sau da yawa kuwa idon ne bai ba ƙafar labari a kan lokaci ba. Masu nazarin tafiyar ɗan Adam sun auna tazarar da ke tsakanin yatsun ƙafar da aka ɗaga da ƙasa, suka tarar a daidai inda ta fi kusa da ƙasa ba ta cika wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Ɗan tudun da bai kai kaurin yatsa biyu ba ya isa ya kayar da mutum in bai gan shi ba. Shi ya sa mai tafiya yakan aika idonsa kamar taku biyu gaba, ƙwaƙwalwa ta tsara inda ƙafa za ta sauka tun kafin ta isa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. A cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ke tafe tsari ne da ɗa ko 'ya ko jika mai kula da dattijo zai iya bi, tun daga gwajin gida har zuwa gyaran matakala.

Abin da shekaru ke yi wa ido ko da babu cuta

Wanda kowa ya sani shi ne gajiyar madubin cikin ido. Daga shekara 40 zuwa 45 madubin yakan taurare, ya daina lanƙwasuwa don ganin abu na kusa, sai ka ga mutum yana nisanta waya ko Alƙur'ani daga fuskarsa. Wannan mai sauƙi ne, tabarau na karatu ya wadatar. Sauran canje-canjen ukun ne suka fi shafar tafiya, kuma su ne ba a cika lura da su ba.

Na farko, haske yana raguwa. Baƙin ɗigon tsakiyar ido, wanda shi ne ƙofar haske, yana ƙanƙancewa, madubin kuma yana yin ɗorawa-ɗorawa. Hasken da ke isa can bayan idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke isa idon ɗan shekara 20. Ɗakin da jika ke cewa da haske, a wurin kaka magariba ce.

Na biyu, ido yana jinkirin sabawa da duhu. Kowa ya san yadda zaure ke yin baƙi ƙirin in an shigo daga rana. Matashi yakan fara gani nan da nan, amma cikakken sabo yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 ko a gare shi. Binciken da Cynthia Owsley da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka ya nuna cewa ɗan shekara 70 yana buƙatar ƙarin mintuna a kan haka. Waɗannan mintuna su ne lokacin da yake takawa cikin soron da bai gani.

Na uku, kuma mafi muhimmanci ga ƙafa, shi ne raguwar iya rarrabe abu da abin da ke bayansa in launinsu ya yi kusa. Baƙin rubutu a kan farar takarda ba wuya. Matakalar siminti a kan daɓen siminti, ko ramin ƙasa a kan hanyar ƙasa ranar hazo, nan ne ake gane wanda idonsa ya ja baya.

A nan ne gwajin da aka saba yi yake yaudara. Allon haruffan da ake karantawa daga nisan mita 6, wanda Herman Snellen ɗan Holan ya ƙirƙira a 1862, baƙaƙen haruffa ne a kan fari, cikin haske, a tsakiyar gani. Mutum na iya karanta layin 6/9, wato ɗaya daga cikin layukan ƙananan haruffa, lafiya lau amma bai ga bakin kwata ba. Aikin bincike na Salisbury a jihar Maryland, wanda Jami'ar Johns Hopkins ta gudanar a kan mutum 2,520 masu shekara 65 zuwa 84, ya gano cewa raguwar faɗin gani, wato abin da mutum ke hange ta gefe da ta ƙasa ba tare da ya juya ido ba, shi ya fi alaƙa da faɗuwa fiye da kaifin karanta haruffa.

Mataki na farko: gwaji a gida, ido ɗaya-ɗaya

A yi da rana, a inuwa mai haske, dattijon sanye da tabarau ɗin da ya saba tafiya da shi. A rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Wannan shi ne abin da yawancin mutane ba su taɓa yi ba, kuma a nan ake gano idon da ya daɗe da mutuwa ɗan'uwansa yana rufa masa asiri. Ido biyu ne ke ba da zurfi, wato sanin nisan matakala da tsawonta. In ɗaya ya yi rauni sosai, mutum na ganin matakalar amma yana kuskuren inda take.

A tsaya a nisan mita 6, kamar taku takwas na babban mutum, a ɗaga yatsu a ce ya ƙirga. Wanda ya kasa ƙirga yatsu a mita 6 ganinsa ya yi ƙasa da 6/60, wato matakin babban harafin da ke saman allo, wanda ya kasa a mita 3 kuwa ya shiga ma'aunin makanta a wannan idon. Mai wayar Android na iya amfani da manhajar Peek Acuity, wadda ke nuna harafin E yana fuskantar ɓangarori daban-daban, ba a buƙatar iya karatu.

Sai a ɗauki ɗan kwali a huda shi da allura mai kauri, rami kamar milimita 1, ya leƙa ta ciki. In gani ya washe, akwai alamar matsalar ta tabarau ce. In bai canja ba, a fi zaton yanar ido ko cutar da ke bayan ido.

Gwajin faɗin gani: ku zauna fuska da fuska, tsakaninku tsawon hannu. Ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a kan hancinka. Ka shigo da yatsa mai motsi daga sama, daga ƙasa, daga dama da hagu, ya faɗa da zarar ya gani. Ka kwatanta da naka. A ba ɓangaren ƙasa muhimmanci, domin binciken da aka yi a Queensland ta Ostareliya a kan masu hawan jinin ido, cutar da ke lalata jijiyar gani, ya nuna cewa rashin gani ta ƙasa shi ya fi janyo faɗuwa. Sai dai gwajin yatsa babban giɓi kawai yake kamawa. Wucewarsa ba shaidar lafiya ba ce.

Daga nan a gwada ƙafa. A sa kujera mai ƙarfi, a ja layi a nisan mita 3. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗari a ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi. Sannan ya tsaya ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu, kusa da bango, wani na tsaye a gefensa. Kasa kai daƙiƙa 10 ma alama ce. Tsayuwar mutum a kan ƙafafu uku take: ido, da ma'aunin da ke cikin kunne, da jin da tafin ƙafa ke yi. Mai ciwon suga yakan rasa biyu a lokaci guda, domin cutar na cin jijiyoyin bayan ido tana kuma kashe jin ƙafa.

Wasu alamomi ba sa jiran gwajin gida: gani ya ɗauke farat ɗaya, ko walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa sun bayyana, ko wani abu kamar labule ya rufe gefe, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani da amai. Waɗannan asibiti ne a ranar.

Mataki na biyu: asibiti, da abin da za a nema a can

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An sami kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, yanar ido ce sanadin kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Kashi 84 cikin ɗari na makantar irin wadda ake iya kauce mata ce ko a magance ta. Arewa maso gabas ce ta fi kowane yanki yawan makafi.

A asibiti kada a tsaya ga karanta allo. A nemi a auna matsin ido, a ɗiga maganin buɗe ƙofar haske a duba jijiyar gani da bayan ido, a kuma yi gwajin faɗin gani da na'ura in likita ya ga alama. Matsin da aka saba gani tsakanin 10 ne da 21, amma akwai masu hawan jinin ido da matsinsu bai wuce haka ba, shi ya sa duba jijiyar ta fi awon matsin muhimmanci. Cutar tana fara wa baƙar fata da wuri kuma ta fi yi musu illa. Nazarin da Fatima Kyari ta jagoranta daga alƙaluman wancan bincike ya nuna kusan kashi 5 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma ƙalilan ne ƙwarai a cikinsu suka san da haka. Ba ta ciwo, daga gefe take ci, abin da ta cinye kuma ba ya dawowa. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ke da ita ya riƙa zuwa awo duk shekara. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano na cikin wuraren da aka daɗe da sani da wannan aiki, haka ma sassan ido na asibitocin koyarwa.

A tafi da duk magungunan da yake sha a cikin leda. Maganin barci da wasu na hawan jini na kawo jiri in an miƙe. Ɗigon timolol da ake ba masu hawan jinin ido yana iya rage bugun zuciya, kuma bai dace da mai asma ba. Ɗigon da ke da sitiroyid, irin wanda ake saya a kemis don ƙaiƙayin ido, yana iya ɗaga matsin ido da haifar da yana in an daɗe ana amfani da shi. Ranar da aka buɗe ƙofar haske kuwa, gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni, don haka a zo da ɗan rakiya.

Game da yanar ido, hujjar a fili take. A Nottingham ta Ingila an raba mata 306 masu shekara fiye da 70 gida biyu: wasu aka yi musu aikin ido na farko cikin kamar wata guda, wasu suka jira shekara. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna yawan faɗuwa ya ragu da kashi 34 cikin ɗari a wurin waɗanda aka yi wa da wuri. Tsohuwar maganar a jira yana ta nuna ba ta da amfani ga aikin zamani. In ta fara hana fita ko gane fuska, lokaci ya yi. Abin da za a guje wa shi ne masu soka tsinke su ture yanar zuwa cikin ido. Binciken Najeriya ya tarar cewa mafi yawan idanun da aka yi wa haka sun ƙare a makance.

Tsakanin aikin ido na farko da na biyu lokaci ne na taka-tsantsan. Ido ɗaya ya sami sabon madubi, ɗayan yana nan yadda yake, tsohon tabarau kuma ya daina dacewa. A tambayi likita ko a cire gilashin ɓangaren da aka yi wa aiki kafin a yanka sabo, wanda akan yi bayan mako 4 zuwa 6.

Mataki na uku: tabarau, inda gyara ke iya zama ɓarna

Wannan sashen ne ya fi ba mutane mamaki. A Sidni ta Ostareliya, Robert Cumming da tawagarsa sun ɗauki tsofaffi 616 masu shekara 70 zuwa sama, aka duba idon rabinsu aka ba masu buƙata sabon tabarau. An sa ran faɗuwa za ta ragu. Sai ga shi a 2007 kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka gyara wa sun faɗi, a kan kashi 50 na waɗanda aka bari. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne babban canjin lamba a lokaci guda. Gilashi mai alamar tarawa yana ƙara wa abu girma ya jawo shi kusa, mai alamar ɗebewa yana rage shi ya nisanta shi, gyaran karkatar gani kuma na iya sa daɓe ya zama kamar gangare. Ƙwaƙwalwar da ta shekara goma tana auna matakala da tsohon gilashi ba ta sauyawa a kwana ɗaya. David Elliott na Jami'ar Bradford ya ba da shawarar a riƙa yi wa tsoho mai haɗarin faɗuwa canji kaɗan-kaɗan, kada a wuce kamar 0.75 a tashi guda. A sa sabon tabarau a gida tukuna na 'yan kwanaki kafin a shiga kasuwa da shi.

Sai tabarau mai hawa biyu, wanda samansa na nesa ne ƙasansa na karatu, da ɗan'uwansa marar layi. Ɓangaren ƙasa an yanka shi ne don abin da ke nisan santimita 40. Daɓen da mutum zai taka kuwa yana nisan mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ta wannan ɓangaren ƙasan ake kallonsa. Stephen Lord ya bi tsofaffi 156 na tsawon shekara, ya buga a 2002 cewa masu irin wannan tabarau sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen yiwuwar faɗuwa, musamman a matakala da wajen gida. Gwajin da ya biyo baya a 2010 a kan mutum 606 ya ba wasu tabarau na nesa zalla don fita. Faɗuwa ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari ga masu yawan fita, amma ga waɗanda ba su cika barin gida ba sai faɗuwar waje ta ƙaru.

Don haka, dattijon da ke zuwa kasuwa da gona da masallaci kullum ya fi dacewa da tabarau biyu, na tafiya da na karatu. Wanda ya daɗe da mai hawa biyu kuma zaman gida ya fi yi, a bar masa abinsa, a koya masa sunkuyar da haɓa a matakala don ya kalli ƙasa ta saman gilashin. Tabarau na karatu da ake saya a tebur, +1.00 zuwa +3.00, ba laifi ga karatu da ɗinki, amma a cire shi kafin a miƙe.

Mataki na huɗu: gida

A Niyu Zilan, John Campbell da abokan aikinsa sun yi gwaji a kan mutum 391 masu shekara 75 zuwa sama da ganinsu ya yi rauni ƙwarai. Gyaran gida ya rage faɗuwa da kashi 41 cikin ɗari. A bi hanyoyi uku da dattijon ke bi kullum, gado zuwa makewayi, ɗaki zuwa wurin alwala, ɗaki zuwa ƙofar waje, a bi su da dare, ba da rana ba.

Haske: ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kamar lumen 800 (lumen ma'aunin hasken da fitila ke fitarwa ne). Ɗaki mai mita 3 da mita 4 yana buƙatar lumen 3,600 kafin daɓensa ya sami luks 300, wato lumen 300 a kan kowace murabba'in mita, kuma wannan lissafin bai cire abin da bango ke shanyewa ba. Ƙwai ɗaya a tsakiyar rufi bai isa ba. A raba hasken a wurare daban-daban, a shafa wa bango farar ƙasa ko farin fenti. Kada a bar ƙwai tsirara daidai tsayin ido, domin mai yana haske na watsuwa a idonsa ya ƙara rufe shi. Tunda wuta ba ta da tabbas, a kafa ƙananan fitilun sola ko masu caji a ƙasa-ƙasa a hanyar makewayi da cikin zaure. Zauren ma yana son fitila da rana tsaka, saboda jinkirin sabon nan. A koya masa tsayawa a bakin ƙofa ya dafa bango na ɗan lokaci kafin ya taka. Buta a hannu ɗaya tocila a ɗaya na nufin ba hannun dafawa, gara tocilar da ake ɗaurawa a goshi ko ratayawa a wuya.

Gefuna: a shafa layin fenti mai bambancin launi a bakin kowace matakala da dokin ƙofa, fari ko rawaya a kan siminti, baƙi a kan farin tayil. Wani gwaji a Jami'ar Bradford ya nuna faɗin santimita 5 da rabi yana aiki, kuma dole layin ya zauna daidai bakin matakalar. In aka ja shi baya, ƙafa za ta ɗauka nan ne baki. Tayil mai zane-zane yana ɓoye gefe, mai sheƙi kuma ga santsi ga ƙyalli. A wurin alwala da makewayi a bar daɓe mai kaushi, a kafa ƙarfen dafawa da aka dasa cikin bango. Tabarma ko darduma mai naɗaɗɗen baki a sauya ta, wayar caji a ɗauke ta daga hanya, turmi da kujerar tsuguno da takalman yara kowanne ya sami mazauni ɗaya. Mai raunin gani da haddar wuri yake tafiya, saboda haka in za a sauya wa kaya wuri a gaya masa.

Sutura ma tana ciki. Babbar riga ko zani mai jan ƙasa na rufe yatsu, silifas marar mariƙin diddige na zamewa. Takalmi mai rufe diddige, mai siririn tafi marar santsi, ya fi barin ƙafa ta ji ƙasa.

Mataki na biyar: ƙafa da titi

Tsarin motsa jiki na Otago, wanda Campbell ɗin nan da Clare Robertson suka tsara, ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari a gwaje-gwajensa: kamar minti 30 sau uku a mako, da tafiya sau biyu. A cikinsa akwai tashi da zama daga kujera, ɗaga diddige ana dafe da bango, tafiya ta gefe, da tafiya diddige na bin yatsu. A fara da maimaici 5 a kai 10. Ga mai raunin gani sosai a fara gyara gida, motsa jikin kuma ya kasance da mai tsaya masa. In zai tashi daga barci, ya zauna a bakin gado minti ɗaya tukuna.

Sanda ko kwagiri: in ya tsaya hannu a sake, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu. A riƙe ta a hannun da ke kishiyar ƙafar da ke ciwo, a sa mata roba a ƙasa. Wajen hawa ƙafa mai ƙarfi ce gaba, wajen sauka sanda da ƙafa mai rauni. Ɗan rakiya kada ya ja shi ko ya tura shi. Dattijon ne zai riƙe shi sama da gwiwar hannu, yana rabin taku a baya, ana faɗa masa "hawa ne" ko "sauka ce" kafin a isa.

Tsallaka titi yana buƙatar gudun tafiya da auna gudun abin hawa, kuma dukansu suna raguwa. A Ingila, inda fitilun tsallakawa ke ɗaukar mutum yana cin mita 1.2 a daƙiƙa, wani nazari na 2012 ya tarar fiye da kashi uku cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama ba sa kai wannan gudun. A titin da babura da adaidaita sahu ke fitowa ta kowace kusurwa, mai raunin ganin gefe sai ya juya kansa gaba ɗaya, ya tsallaka inda titi ya miƙe, ya sa farin kaya in dare ne, ya guji tsakanin magariba da isha.

Ga mai tuƙi, Karlene Ball da Owsley sun auna faɗin abin da direba ke iya lura da shi a kallo ɗaya hankalinsa na rabe. A rahotonsu na 1998, tsofaffin direbobin da wannan faɗin ya ragu musu da kashi 40 cikin ɗari ko fiye sun ninka sauran sau 2.2 wajen yiwuwar haɗari cikin shekara uku. Wani binciken Owsley da abokan aikinta na 2002 ya nuna masu yanar da aka yi wa aiki haɗarinsu kusan rabin na waɗanda ba a yi wa ba ne. Alamomin da iyali za su lura da su: yana ƙorafin fitilar motar da ke tahowa na makantar da shi, yana gogar gefen mota a ƙofar gida, ko babur na wuce shi bai gan shi ba sai ya zo gabansa. A fara da ajiye tuƙin dare da na ranar hazo, a wanke gilashin mota ciki da waje, sannan a kai shi gwajin faɗin gani da na'ura kafin a yanke maganar makulli.